Na haɗa wasan gina masarauta da karta amma mai mashi sai cinye mu yake, ina neman shawara

Dan_Wunti:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu kan lissafi da waɗanda suka san tarihi ku matso kusa, shawara nake nema. Akwai wani wasa da nake ta haɗawa da kartar nan ta kowa da kowa da ake sayarwa a shago, mai kati 52 da joka biyu, ba Whot ba. Na sa masa suna Ganuwa. Dalili kuwa ƙannena ne da yaran unguwa, in aka ɗauke wuta cajin waya ya ƙare sai kowa ya yi zuru, lido mun gaji da shi tunda ba wani tunani a ciki sai abin da dayis ya baka, dara kuma mutum biyu ne sauran sai kallo da surutu. Ni so nake mutum huɗu su zauna kowa ya gina garinsa, ya yi noma ya tara jama'a ya naɗa sarauta, wanda ya fi dabara ya ci.

Ga yadda nake yinsa yanzu. Da farko ana ware masu hoto, wato K da Q da J, guda 12 kenan. Kowa ya ɗauki K ɗaya ya ajiye a gabansa, shine sarkin garinsa. Q da J kuma a shimfiɗa su a tsakiya a buɗe, wajen muke kira fada. Sauran kati 40 masu lamba daga A zuwa 10 a cakuɗa a raba wa kowa biyar-biyar, A matsayin 1 take, sai a zuba joka biyun cikin ragowar a sake cakuɗawa a kife a tsakiya. Kowane iri da aikinsa. Ja mai zuciya jama'a ne, ja mai daimon kuɗi, baƙi mai ganye uku hatsi, baƙi mai kan mashi kuma mayaƙa da dawaki. In layi ya zo kanka zaka ja kati ɗaya sannan kayi abu ɗaya tak, ko ka sauke kati a garinka, ko ka gina ƙofa, ko ka sayi sarauta a fada, ko ka kai hari. Ƙofa ana gina ta ne da hatsi da kuɗi waɗanda in an haɗa sun kai 10, dole akwai kowanne a ciki, ka zubar da su sannan ka ɗauki katin zuciya ɗaya ka gicciye shi a gaban sarkinka, to ya zama ƙofa kenan. Wanda ya riga yin ƙofa huɗu shine ya ci. Na so in yi tara saboda ƙofofin Bauchi amma sai mu kwana a wajen, su dai yaran da kansu suke kiran sunaye, wannan yace Ƙofar Wunti ce wancan yace tasa Ƙofar Ran.

J shine Madaki, kuɗi 8 ake sayensa, yana ƙara maka 3 a yaƙi. Q nace Gimbiya, kuɗi 6, tana baka damar riƙe kati shida a hannu maimakon biyar. Joka fari ne, wato rashin ruwan sama, wanda ya jawo shi sai ya zubar da babban katin hatsinsa. Yaƙi kuma ba wuya, a haɗa lambobin mashinka na ƙasa da na wanda ka kaiwa hari, in ka fi shi ka ɗauki kati ɗaya duk wanda kake so a garinsa har da ƙofa, mayaƙanka su dawo gida.

To matsalar fa anan take. Duk wanda Allah ya bashi 9 da 10 na mashi tun farko shikenan wasa ya mutu. Akwai wani abokina wlh baya noma baya gini, zama kawai yake yana jira ka gama wahala ka gina ƙofa ya zo ya ɗauke, da layi ya sake zagayowa ya koma kan na kusa da kai. Yanzu har kowa tsoron sauke kati yake, a zauna ana ta ja ana zubarwa ana kallon juna, in ba haka ba a tashi da rigima. Ni kuma bana son in cire yaƙin gaba ɗaya dan shine daɗin abin. Kuma bana son ƙara dayis ko takarda da biro, karta kawai nake so ta wadatar yadda ko a majalisa ko a tasha za'a iya bazawa a tabarma. Ya zan yi?

Baban_Iman_Bolari:

Wa alaikumus salam ƙanena. Gaskiya ka burge ni, kuma na ji daɗi da ka ɗauko ganuwa da Madaki baka tafi kwaso sarakunan Turawa ba. Ni malamin makaranta ne anan Gombe, ba gwanin karta bane amma inaga na gane ciwon wasan naka. Ka yi mayaƙan da basa cin abinci, kuma ka yi shekarar da babu damina a cikinta. Duk sarkin da aka ba wa wannan ai dole ya zama ɗan fashi.

Ka duba yadda abin yake a da. Malam Yakubu da ya karɓo tuta wajen Shehu Usmanu ya kafa Bauchi a 1809, da Modibbo Buba Yero namu na Gombe, duk yawancin fitarsu yaƙi da rani ne. Ba wai basa so da damina bane, a'a, mutumin da zai riƙe maka baka shine dai manomin, in ka ɗebe shi daga gona a watan shuka to bana ba abin da za'a zuba a rumbu. Ga koguna sun cika, Gongola in ta kawo ba'a tsallaka ta da doki yadda aka ga dama, ga hanya duk taɓo. Sai an yi girbi an ɗaure dawa an tara harawa sannan ake buga tambari. Shi kuma doki dabba ce mai tsada, kullum sai ya ci, ko an fita yaƙi ko ba'a fita ba, ga mai yi masa ciyawa ga mai kula da shi. Shi yasa ba kowa ke iya ajiye barga ba.

Saboda haka ga shawarata. Ka raba wasan zuwa shekara, kowace shekara zagaye uku. Zagayen farko damina, ba yaƙi sam, hatsi da jama'a kawai ake saukewa. Na biyu kaka, anan duk katin hatsi biyu da kake da su a ƙasa su baka damar jan kati ɗaya ƙari, amma kuma anan ne zaka ciyar da barga, duk mashi biyu su ci katin hatsi ɗaya, wanda baka iya ciyarwa ba ya tafi abinsa, kuma babban ne zai fara tafiya dan jarumi baya zama gidan yunwa. Na uku rani, a yi gini a yi ciniki a yi yaƙi. Kwalin kartar ma ya isa ya nuna lokaci, a kwance damina, a kife kaka, a tsaye rani, ba sai an nemo biro ba. In kayi haka abokin nan naka dole ya riƙe fartanya ko yana so ko baya so.

Abu na biyu kada ka bar mai rauni ba mafaka. Ku mutanen Bauchi ai kun fi ni sanin Ningi. Tun wajen tsakiyar ƙarni na 19 da wasu malamai suka taso daga ƙasar Kano suka shige duwatsun nan suka haɗa kai da mutanen wajen, sun hana Bauchi da Kano sakat shekara da shekaru, ba dan sun fi su dawaki ba sai dan doki baya hawa dutse, har Turawa suka zo ba'a gama da su ba. To ka saka wannan a wasan. Wanda bashi da ƙofa ko ɗaya ya iya cewa na hau dutse, a ƙara masa 5 a tsaro, amma muddin yana can ba zai sayi sarauta ba. Kuma in kana son ƙarin armashi ka ba kowa damar ƙaura sau ɗaya a wasa, in an kawo masa hari ya bar kati ɗaya ya tsira da sauran. Mu nan fadar Gombe sau biyu ta tashi, daga Gombe Abba zuwa Nafada a 1913, daga can zuwa inda muke yanzu a 1919, duk da dai wannan a zamanin Turawa ne ba gudun hari ba.

Injiniya_Yelwa:

Malam ya kawo magana mai kyau amma ni ta wani ɓangaren zan shigo, dan ko an saka damina akwai abin da zai ci gaba da damunka bros. Ka ƙirga katin zuciya. Guda 10 ne kacal tunda ka cire masu hoto. Kowace ƙofa tana cin zuciya ɗaya, mutum huɗu kowa na neman huɗu, 16 kenan ake nema alhali 10 ne a duniyar gaba ɗaya. In suka rabu misali 3, 3, 2, 2, to babu mai iya gamawa sai ya ƙwace ta wani. Kaga ba wai abokinka mugu bane, wasan ne da kansa yace masa hanyar ci ɗaya ce, shi dai ya riga ku ganewa ne.

Sai lambobin mashi. Daga A zuwa 10 in ka haɗa 55 ne. 9 da 10 kaɗai 19 kenan, ya haura kashi ɗaya cikin uku na duk ƙarfin yaƙin da ke cikin wasan, a hannun mutum ɗaya da kati biyu, ya sayi Madaki ya zama 22. Kuma a rabon farko na kati biyar daga 40, damar mutum ya tashi ba mashi ko ɗaya kusan 22 cikin 100 ce, wato ya ɗan fi sau ɗaya cikin biyar. Ku huɗu ne a tabarma, saboda haka sau da yawa za'a samu wani da aka haifa ba ko sanda.

Abin da zan yi in nine kai, na farko in sayi fakiti biyu masu baya iri ɗaya. Zuciya ta zama 20, noma da ciniki kaɗai zasu iya kai mutum ƙofa huɗu. K guda huɗun da suka ƙaru kada ka jefar, ka jera su a tsakiya a matsayin ƙauyukan da basu da uban gida, kowanne a kife masa kati ɗaya a ƙasa shine tsaronsa, mai ƙaiƙayin yaƙi ya fara zuwa can ya rage zafi, wanda ya ci ƙauye yana jan kati ɗaya ƙari duk kaka. Na biyu rabon farko kada a bar wa sa'a. A cire A, 2, 3, 4 na kowane iri daga fakiti ɗaya, 16 kenan, a ba kowa huɗu yadda zai samu iri huɗun duka kuma lamba huɗun duka, misali ni A na zuciya 2 na kuɗi 3 na hatsi 4 na mashi, kai kuma 2 na zuciya 3 na kuɗi 4 na hatsi A na mashi, haka dai ake gocewa. Kowa jimlarsa 10 amma garuruwan basu yi kama ba, wani manomi wani mayaƙi tun daga haihuwa.

Inda na ɗan saɓa da Malam shine ciyarwar nan ta duk kaka, ina tsoron lissafi ya yi wa yara yawa a fara musu. Ni da cewa zanyi duk wanda ya kai hari, ya ci ko bai ci ba, babban mashinsa ya mutu a fagen fama. Shikenan. Mai 10 zai yi tunani sau biyu kafin ya kashe ta akan 3 na hatsi.

Na ƙarshe kuma wanda nafi so, ai sunan wasan Ganuwa amma ba ganuwa a ciki. Ka ba kowa damar kife kati har biyu a gaban garinsa, ko wane iri ne. In an kawo hari a buɗe, in mashi ne a haɗa da tsaro, in ba mashi bane ya zama banza. Maharin bai san me ke ƙasa ba, yanzu an fara karanta fuska kenan. Joka kuma ka daina hukunta wanda ya jawo shi, bashi da laifi. Akwai wani wasan Jamus mai suna Catan da ya fito a 1995, su in dayis ya bada 7 duk mai riƙe da kati sama da bakwai sai ya zubar da rabi, wato masu ɓoyo ake bi. Kai ma kayi haka, in fari ya zo wanda yafi kowa hatsi a ƙasa shine zai yi asarar babban katinsa.

Sarkin_Zolaya:

Kai jama'a ku kam da son wahala, mutum ya gama yawon neman na tuwo ya dawo kuma ya zauna ciyar da dokin kwali. Ni Whot ɗina ya ishe ni, in baka biyu ka ɗauka in tura kowa kasuwa a tashi lafiya. Amma tsakani da Allah tambaya nake, ba za'a iya yinsa da Whot ɗin ba? Shi ne a kowane gida ai.

Injiniya_Yelwa:

Zai yi wuya oga. Whot 54 ne amma irin basu daidaita ba, da'ira 12, mai kusurwa uku 12, kuros 9, mai kusurwa huɗu 9, tauraro 7, sai masu 20 guda biyar, kuma babu 6 babu 9 a ciki. Ga ba sarki ba Madaki. Sai dai a sake gina wani wasan daban, tauraro ya zama mayaƙa tunda shine mafi ƙaranci, wanda in ka duba ma ba laifi bane.

Maman_Haidar:

Sannunku da ƙoƙari. Ni tun jiya na kwafi dokokin na gwada da yarana da babansu anan Tumfure, da ganuwar Injiniya da daminar Malam duka muka haɗa, kuma ina da ƙorafi ɗaya babba ƙanena Dan Wunti. Wai Q ce ka mayar Gimbiya mai riƙe maka kati ɗaya ƙari, shikenan aikinta? Haba dai. Wasan da ka sa wa suna Ganuwa, alhali har yau a ƙasar Hausa in an ga tsohuwar ganuwa cewa ake ganuwar Amina saboda Amina ta Zazzau, kuma Daura ai mata ne suka fara mulkinta ana ce musu Magajiya. A gidanmu ba wanda ya saye ta, 'yata ce ma ta tambaya ita wannan me take yi nace ado.

To mu dai mun canza mata suna ta koma Magajiya kuma mun bata aiki. Wanda yake da ita, da shigowar rani kafin kowa ya motsa zai iya aika goro wa gari ɗaya, ya miƙa musu kati ɗaya daga hannunsa su ma su miƙo ɗaya a kife, an ƙulla aure kenan, wannan ranin ba mai kai wa wani hari tsakanin su biyun. Wanda aka aika wa yana iya ƙi amma in ya ƙi zai zubar da katin kuɗi ɗaya, kunyar maida goro. Wlh tunda muka saka wannan aka fara rububinta har muka ɗaga kuɗinta zuwa 9, ta fi Madaki tsada. Sannan mun ƙara cewa in ka kai hari aka kore ka, katin zuciyarka ɗaya wanda bai zama ƙofa ba zai tashi ya koma garin da ya kore ka, dan talaka inda yaga kwanciyar hankali nan yake kai iyalinsa.

Ganuwar nan kuwa ita ce ta kashe mu da dariya. Haidar shekararsa tara, tun daminar farko ya kife kati biyu, ya daidaita su da yatsa ya gyara zama ya harɗe hannu a ƙirji, duk wanda ya kalli garinsa sai yace bismillah ƙofa a buɗe take. Babansa na da 8 da 7 na mashi a ƙasa ga Madaki, sau biyu yana miƙa hannu yana janyewa, ƙarshe yace a'a wannan yaron akwai abin da ya taka, ya juya kaina ni da ban ce komai ba ya ɗauke min hatsi. Har yaron ya gama ƙofa huɗu ba wanda ya taɓa shi. Da aka tashi yayarsa ta fizge katin ta buɗe, 2 na daimon ne da 3 na ganye. Babansu bai ce uffan ba, tashi yayi wai zai duba ko an kulle get.

Akan ciyarwa kuma Injiniya kada ka raina yara, sun fi mu saurin lissafin, su ne ma ke kama babba in ya manta bai ciyar ba. Abin da ya ɗan dame ni daban ne. Kakarsu ta leƙo taga karta a baje a tabarma ta salallame tace yau caca ake a gidan, da ƙyar na fahimtar da ita. Kasan yadda mutanenmu suke kallon karta, in kana son wasan ya shiga gidaje sai ka yi tunanin wannan.

Abu_Sumayya:

Maganar Hajiya ta ƙarshe ita na shigo in yi. Ɗan'uwa niyyarka mai kyau ce amma a kula, caca haramun ce ƙarara, aya ta 90 a Suratul Ma'ida, kuma yawanci ba da kuɗi take farawa ba, daga wanda aka ci ya sayi shayi ne sai a koma ɗari biyu. Ka rubuta a cikin dokokin tun layin farko cewa ba'a sa komai, ko alewa. Kuma irin wannan wasan mai jan lokaci in an kira sallah a kife a tashi. Tsoffin da ke ƙyamar karta ba banza suke yi ba, sun ga gidajen da ta rusa. In zaka iya ka yanka kwali ka zana naka, dami da doki da wuri da bukka, lamba ɗaya zuwa goma, kaga ka huta da zargi kuma yaro zai fi gane dami akan wani ganye mai kai uku.

Dan_Wunti:

Kai Alhamdulillah, nagode ƙwarai jama'a, ban zaci zan samu haka ba. Malam Allah ya ƙara girma, Anti Maman Haidar na karɓi gyara Magajiya ta zauna daram, a gaida min sarkin yaƙi Haidar. Malam Abu Sumayya maganarka gaskiya ce, dokar ba'a sa komai ta shiga, zanen kwali kuma akwai wani ƙanina mai zane zan bashi amma sai dokokin sun zauna tukuna dan kada a yi ta yanka ana zubarwa.

Mun buga da fakiti biyu da rabon A zuwa 4 da shekara mai zagaye uku. Da farko na haɗa ciyarwar Malam da mutuwar babban mashi ta Injiniya duka biyun, sai yaƙi ya yi tsada har ba mai fita, kowa ya koma noma wasan ya yi sanyi kamar kunun da ya kwana. Sai muka bar ciyarwa yadda take, mutuwar mashi kuma sai in an kore ka ne kawai. Nan ne ya yi daidai. Hawa dutse mun saka, ƙaura ce dai muka ajiye gefe tukuna dan dokokin sun fara yawa.

Abokin nan nawa kuwa ya sha mamaki. Ya samu 10 da 9 da 6 na mashi ya jera su yana murmushi yana cewa ku yi ta noma ina zuwa, hatsinsa 2 ne tak guda ɗaya. Da kaka ta zo aka ce to ranka ya daɗe a ciyar da barga, ya bada 2 ɗin ta ɗauki biyu, na ukun ba abinci, kuma doka tace babba ke fara tafiya. Yana ji yana gani ƙanina ɗan JSS ya sa hannu ya zare 10 ɗin ya jefa cikin zubarwa yana masa a sauka lafiya. Da rani ya zo da 15 ɗinsa kan mai shayin unguwarmu wanda ke da 4 kawai a buɗe, aka buɗe ganuwa sai ga 8 da 5, 17 kenan, 9 ta mutu zuciyarsa ɗaya ta yi ƙaura. Tun daga nan yake tambayar nawa ake sayen Magajiya.

Amma wata sabuwa ta fito. Da mutum ya kai ƙofa uku sai sauran ukun su haɗa baki, rani na zuwa wannan ya buga wannan ya buga, na farko ya buɗe masa ganuwa na biyu ya ɗauke ƙofa na uku ya ƙara ɗauke wata, ya dawo ɗaya. Sai wani ya kai uku a sake yi masa haka. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi dai, amma wasan baya ƙarewa, jiya har mai shayi ya kwashe kofunansa bamu gama ba. Magajiya gari ɗaya kawai take tsarewa. In hana taron dangi gaba ɗaya ne ko ya?

Baban_Iman_Bolari:

Kada ka hana ƙanena, in ka hana na gaba ya tsere kenan ba mai kamo shi. Ka dai sa masa iyaka da farashi. Gari ɗaya sau biyu kawai za'a iya kai masa hari a rani guda, kuma in ya kori na farko to na biyun ya fasa, labari ya riga ya kai masa. Sannan ka buɗe ƙofar gaisuwa, mai ƙofa uku ya iya tura katin kuɗi a buɗe wa wanda yake tsoro, in ya karɓa ya ci goro ba zai taso ba wannan shekarar, in ya ƙi kuma kowa ya gani. Haka sarakunan ma suka zauna da juna, ba kullum takobi ba, su Bauchi da Gombe ai duk shekara sai sun aika da kaya Sakkwato. Zaka ga ukun nan sun fara zargin juna wa ya karɓa wa zai karɓa.

Kuma ka yanke wa wasan wa'adi, shekara biyar, wato zagaye 15. In ba wanda ya kai huɗu a ƙirga ƙofofi, in an yi kunnen doki a haɗa lambobin zuciya har da na ƙofofin, mai jama'a mafi yawa ya ɗauka. Ka gwada haka, in ya zauna ka rubuto dokokin a tsare a shafi ɗaya ka turo min, akwai yaran kulob ɗin tarihi a makarantarmu da nake so su buga ranar Alhamis, amma da na kwalin zan kai musu dan kada iyaye su biyo ni ofis.